RA'AYINMU: HAƘƘIN MALAMI BASHI NE A WUYANMU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka darajar ilimi da ma'abutansa, Ya kuma yi hani ga tauye haƙƙin bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), malamin farko na wannan al'umma, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa muna so mu taɓo wata magana wadda kowa ya san da ita amma ake jin nauyin furta ta a majalisunmu, wato maganar abin da malamin makaranta yake samu a ƙarshen wata. Shi malamin kunya ke hana shi magana, don kada a ce ya sayar da lahirarsa da abin duniya. Shugabannin makarantu sun gwammace a yi shiru, domin sun san abin da ke cikin asusu. Iyaye kuwa muddin yaro ya fita da safe ya dawo da yamma, ba su cika tambayar yadda mai koyar da shi ya kwana ba. Wannan shiru ya daɗe, kuma muna ganin sakamakonsa da idanunmu: haziƙan malamai suna ajiye alli suna kama acaɓa da A Daidaita Sahu, wasu suna komawa tireda, azuzuwa suna zama a hannun duk wanda aka samu.

Da muka dubi al'amarin da idon basira, sai muka ga cewa a ƙasar nan abin da ya fi yanke wa malami albashinsa shi ne aljihun da ake biyansa daga ciki. Iliminsa da ƙwazonsa da shekarun da ya yi yana aiki duk suna biyo baya. Abin da ya fi ɗaga mana hankali kuma shi ne, a cikin aljihunan nan duka, wanda ya fi kowanne ƙunci shi ne namu, mu da muke kira zuwa ga Alƙur'ani da Sunna. Za mu fara da na hukuma, sa'an nan mu dawo gida.

YADDA AKA YI TA JIFA DA MALAMIN FIRAMARE

Dattawanmu suna ba da labarin zamanin da malamin makaranta yake cikin manyan gari, ana neman shawararsa, ana alfahari da ba shi aure. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya same shi a cikin wannan hali. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka ƙiyasta, aka ɗebi malamai cikin gaggawa, da yawansu ba su gama samun horo ba. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, malamin firamare yana cikin waɗanda aka fara riƙe wa albashi, har aka riƙa bin jihohi bashin watanni. Daga 1986 kuma shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar naira, ɗan abin da ake biyan ma ya zama ba ya kai wa ko'ina.

A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa domin ta tsare albashin malamai, aka ɗan sami sauƙi. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa makarantun firamare ga ƙananan hukumomi, bashin albashi da yajin aiki suka dawo sabo. A 1993 aka sake kafa ta. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin matakin farko. Amma wannan kuɗi na gini ne da kayan aiki da horarwa, kuma sai jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓi na gine-ginen. Albashi kuwa ya ci gaba da fitowa daga kason ƙananan hukumomi, yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatocin jihohi. A wannan asusu ne sau da yawa rijiya take bayarwa guga ya hana. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai ga ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, tana nuna fargaba, domin ba ta manta da abin da ya faru bayan 1991 ba. Wato an kai malami matsayin da yake tsoron gwamna, yake kuma tsoron shugaban ƙaramar hukuma.

ABUBUWAN DA KE YANKE ALBASHIN

Abu na farko shi ne takardar shaida. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa da hukuma ta amince da ita ita ce NCE, kuma galibi mai ita yana farawa ne a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8. Wannan a rubuce ke nan. Abu na biyu, wanda ya rinjayi na farko, shi ne wa ya ɗauke ka aiki. Mutum biyu da suka zauna aji ɗaya a kwalejin horon malamai, suka fita da sakamako iri ɗaya, ɗaya ya sami makarantar Gwamnatin Tarayya, ɗaya ya faɗa hannun ƙaramar hukuma, bayan shekara goma sai ka rantse ba sana'a ɗaya suke yi ba. A 2008, bayan dogon yajin aiki, gwamnoni suka amince da ƙarin kashi 27.5 cikin 100 ga ƙwararrun malamai. Wasu jihohin suka biya, wasu suka biya rabi, wasu sai da aka sake shekaru ana kai ruwa rana. A 2015 sai da Gwamnatin Tarayya ta ba jihohi da dama rancen ceto kafin su iya rage bashin albashin da ke kansu. A 2025, a Babban Birnin Tarayya kansa, malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin yankin ba su aiwatar da sabon mafi ƙarancin albashi ba, 'ya'yan talakawa suna zaune a gida, na masu hali suna tafiya makarantun kuɗi.

Abu na uku shi ne ƙarfin naira a kasuwa. Mafi ƙarancin albashi a 1981 naira 125 ne. A 2011 ya zama naira 18,000, a 2019 naira 30,000, a 2024 naira 70,000. Mai kallon lambobi zai ce an ci gaba. Amma naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dala 200 ta Amurka, alhali naira 70,000 a lokacin da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma a watan Disamba na wannan shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. In aka raba naira 70,000 gida talatin, abin da zai faɗa wa kowace rana bai kai naira 2,400 ba. Mai iyali ya auna wannan da kuɗin mudun hatsi da na cefane da na mota zuwa makarantar ƙauye da dawowa.

Abu na huɗu shi ne ƙarin girma na takarda. Malami zai karɓi takardar ƙarin girma, ya yi shekaru yana ɗaukar albashin tsohon matakinsa. In ya yi ritaya kuma ya shiga layin fansho da garatuti, wasu har su koma ga Allah ba su karɓa ba. Ranar 5 ga Oktoba, 2020, ranar malamai ta duniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, da ƙara shekarun ritaya zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Ƙarin shekarun ya zama doka a 2022. Tsarin albashin kuwa, har zuwa 2024 ƙungiyar malamai tana ta tuni a kansa. An ƙara wa malami shekarun aiki, ba a ƙara masa abin da zai ci a cikinsu ba.

Wannan ciwo bai tsaya a iyakar Nijeriya ba. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun ga yadda aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kuma daga ƙarshen shekarun 1990 hukuma ta koma ɗaukar malaman kwantiragi a kan abin da bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, har suka zama su ne mafi yawa a makarantun firamare. Dabarar ɗaya ce a ko'ina: a yawaita azuzuwa, a rage kuɗin mai tsayuwa a gabansu.

Duk wanda ya rage kuɗin kaya, to ya shirya karɓar kaya mai rahusa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, ta sallame su. An yi ta muhawara a kan adalcin wannan mataki, kuma ba shi ne abin da muke tattaunawa a nan ba. Tambayarmu ita ce, wa ya ɗauke su tun farko, kuma me ya hana waɗanda suka fi su neman aikin? Sana'ar da ba ta ciyar da mai yin ta, haziƙi ba ya zama a cikinta sai in ya rasa mafita, gurbinsa kuwa sai ya zama abin rabo a hannun 'yan siyasa, a ba yaron gida, a cusa sunayen malaman bogi.

MU DAWO GIDA

Hausawa suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk abin da muka faɗa a sama mun saba faɗarsa a kan mumbari, ana kabbara. To yanzu mu tambayi kanmu: nawa muke biyan malaman Islamiyyunmu da makarantunmu na haddar Alƙur'ani?

Allah Ya sani, wannan da'awa ta yi rawar gani wajen buɗe makarantu. Unguwannin da a da babu inda mace za ta koyi Fatiha da hukuncin tsarki, yau akwai ajin matan aure da na dare da na Asabar da Lahadi. Wannan ni'ima ce da muke gode wa Allah a kanta. Amma bisa wuyan wa aka ɗora wannan gini? Bisa wuyan samari da 'yan mata da magidanta waɗanda ko sunan albashi ba mu yarda mu kira abin da muke ba su da shi ba. Mukan ce ihsani, ko alawus, ko ɗan abin sabulu. Mun sauya masa suna ne domin kada ya zama bashi a kanmu in mun kasa biya.

Bari mu buga misali da lissafi, kowane kwamitin makaranta ya gwada da nasa littafin. A ƙaddara makaranta tana da ɗalibai 300, kuɗin wata naira 1,000. Da kowa zai biya, da an tara naira 300,000. Amma sanin kowa ne ba kowa ke biya ba: akwai marayu, akwai 'ya'yan malamai da na 'yan kwamiti, akwai kuma uban da yake biyan dubban nairori a makarantar boko ba tare da jinkiri ba, amma na Islamiyya sai an kori yaron sau biyu. A ce an tara naira 200,000. A cire hayar gida da alli da tabarmi da wutar lantarki, a ce naira 50,000. Abin da ya rage a raba wa malamai goma, kowa ya tashi da naira 15,000, wato naira 500 a yini. In watan azumi ya zo aka yi hutu, a makarantu da yawa ko wannan ɗin babu, a daidai lokacin da buƙatar mai iyali ta fi yawa.

Mun sani akwai bambanci tsakanin mai koyarwa awa biyu da yamma bayan ya taso daga kasuwa ko ofis, da wanda makaranta ta riƙe shi tun daga safe har la'asar. Na farko yana da wata madogara. Maganarmu ta fi ƙarfi a kan na biyu. A cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani, akwai waɗanda suka fito daga Makarantar Nazarin Larabci ta Kano da takwarorinta, akwai masu digiri daga Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar da jami'o'inmu na gida. Mai karatun Larabci ƙofofin aikin gwamnati da na kamfanoni a gare shi ƙalilan ne, mu kuma mun san da haka, sai muke ɗaukarsa a kan abin da muka ga dama domin mun tabbata ba shi da wurin zuwa. Malamai mata kuwa abin nasu ya fi muni, domin akan ce ai tana da miji, ko tana gidan iyayenta, kamar dai aurenta ne ya rage nauyin aikin da ta yi. Da wani ɗan kasuwa ne ya yi wa leburansa haka, da mun kira abin da sunansa a wa'azi.

Kuma ba rashin kuɗi ne kaɗai ba. Al'ummar da take iya shimfiɗa tayil a masallaci, ta sayi manyan lasifikoki, ta cika motoci zuwa wa'azin ƙasa, ta yi walimar saukar karatu da rumfuna da anko, ba za ta ce ta rasa abin biyan wanda ya koyar da masu saukar ba. Gini ana ganinsa, ana rubuta sunan mai bayarwa a jikinsa. Albashin malami kuwa ba mai gani sai Allah, shi ya sa masu bayarwa suka yi ƙaranci a wannan fage.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Hujjar da aka fi kafawa ita ce wai aikin fi sabilillahi ne, ladan malami yana lahira. Babu shakka muna roƙa masa wannan lada. Amma ikhlasi tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, kuma ba a ɗora wa kwamitin makaranta ya yi wa wani ikhlasi da aljihunsa ba.

Gaskiya ne magabata sun yi saɓani a kan karɓar lada don koyar da Alƙur'ani. Malaman Hanafiyya na farko sun hana, suna kafa hujja da irin hadisin Ubadatu ɗan Samit (R.A.), wanda aka ba shi kyautar baka bayan ya koyar da wasu daga mutanen Suffa, Manzon Allah (S.A.W.) ya tsoratar da shi a kan karɓarta. Imamu Malik da Imamu Shafi'i sun halatta, saboda hadisin da Bukhari ya ruwaito na sahabban da suka yi wa shugaban wata ƙabila ruƙya da Fatiha aka ba su garken tumaki, Annabi (S.A.W.) ya tabbatar musu da shi, ya kuma bayyana cewa Littafin Allah ne ya fi cancantar a karɓi lada a kansa. Masu halattawa sun fassara hadisin Ubadatu da cewa shi tun farko ya yi niyyar sa kai ne. Daga baya su kansu malaman Hanafiyya suka koma ga fatawar halacci, da suka ga abin da ake ba malamai daga baitulmali ya yanke, suka ji tsoron kada karatun Alƙur'ani ya tozarta. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya ya rinjayar da halacci ga mabuƙaci, ya kuma bayyana cewa abin da ake bayarwa daga baitulmali taimako ne a kan ɗa'a.

A mazhabar da muka tashi a cikinta maganar a fili take. Risala ta Ibnu Abi Zaid da Mukhtasar na Shaihu Khalil, waɗanda ake karantawa a zaurukanmu, duk sun halatta ɗaukar malami da lada don koyar da Alƙur'ani. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban malamai, ya yi bayanin ladansu da hutunsu da abin da ake ba su ranar sauka. Alƙabisi, wanda ya rasu a 403, ya yi gargaɗin cewa in aka dogara ga 'yan sa kai kaɗai, yara da yawa za su tashi ba su san Alƙur'ani ba. Yau shekara dubu da wannan gargaɗi.

Tarihin magabata ma shaida ne. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, an karɓi koyar da yara goma rubutu a matsayin fansar fursunan da ba shi da dukiya, wanda ke nuna cewa koyarwa aiki ne mai ƙima ta kuɗi. Da aka naɗa Sayyidina Abubakar (R.A.) halifa ya nufi kasuwa da tufafin sayarwa, sahabbai suka mayar da shi suka yanka masa abin da zai ishe shi da iyalinsa daga baitulmali. Daga nan malamai suka fahimci cewa duk wanda jama'a ta tsare shi don maslaharta, to ciyar da shi yana kanta.

In kuwa an ɗauki mutum aiki, to an shiga babin ijara, kuma sharaɗin ijara shi ne a san aikin, a san lokacinsa, a san ladan. Cewa "ka fara zuwa, za mu riƙa ganin abin da ya sawwaƙa" jahilci ne a cikin ƙulla ciniki, wanda fiƙihun da muke koyarwa a aji bai yarda da shi ba. Ibnu Majah ya ruwaito umarnin a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Bukhari ya ruwaito a hadisi ƙudusi cewa daga cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Ba mu ga inda aka togace makarantar Islamiyya daga waɗannan nassoshi ba.

Kakanninmu, duk da ƙarancin abin hannunsu, ba su bar malamin allo haka nan ba. Akwai kuɗin Laraba, akwai sadakar sauka, akwai damin hatsi da kaka, almajirai kuma suna taya shi noma gonarsa. Mun zo mun gyara tsarin karatu, mun kawo aji da rajista da jarrabawa, mun ajiye waccan hanya, amma ba mu kafa wata a madadinta ba. A sauran ƙasashen Musulmi abin da ya riƙe makarantu shi ne waƙafi, wanda malamanmu na Malikiyya suke kira hubusi. Asalinsa gonar Sayyidina Umar (R.A.) ta Khaibara, wadda aka tsare asalinta aka yi sadaka da amfaninta. Makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda aka buɗe a 1067 Miladiyya, inda Imamu Gazali ya koyar, da dukiyar waƙafi ake biyan malamanta, haka Azhar ta rayu ƙarnoni masu yawa.

KIRANMU

Saboda haka muna kira ga shugabannin rassa da kwamitocin ilimi da masu makarantu da su ɗauki waɗannan matakai.

Na ɗaya, kowane malami a rubuta masa takardar ɗaukar aiki, mai bayyana darussansa da awoyinsa da albashinsa da ranar biya, da shaidu biyu. Wanda ya zaɓi ya koyar kyauta, a rubuta cewa shi ya zaɓa, kada a zaɓa masa.

Na biyu, albashin malamai ya zama shi ne farkon abin da ake cirewa daga kuɗin da ya shigo, kafin gini da fenti da walima. A biya shi wata goma sha biyu, har da watan azumi.

Na uku, malamin da makaranta ta riƙe shi yini guda, a sa mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama abin da ake nufa a kansa. Makarantar da ba za ta iya kaiwa nan yanzu ba, ta faɗa wa iyaye gaskiyar lissafinta, ta kuma sa wa kanta lokaci. Aiki ɗaya lada ɗaya, ko namiji ya yi shi ko mace.

Na huɗu, kada a buɗe sabon aji ko sabon reshe sai an san inda albashin malaminsa zai fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, kowane reshe ya kafa waƙafi na musamman don malamai: shago, ko gidan haya, ko gona, da amintattun masu kula da rubutaccen lissafi da ake karanta wa jama'a duk shekara. Muna roƙon attajiranmu, wanda ya yi niyyar gina masallaci na uku a layin da yake da biyu, ya gina shaguna ya tsayar da su ga malamai. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, sai a nemi shawararsu wajen rubuta takardu don kada magada su tayar da rigima daga baya.

Na shida, a kiyaye, zakka ba albashi ba ce. Malamin da yake mabuƙaci yana da haƙƙi a cikinta saboda buƙatarsa, kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta jera masu cin ta, amma ba ya halatta a ba shi ita sa'an nan a lissafa ta a matsayin ladan aikinsa.

Na bakwai, iyaye su ji tsoron Allah. Uban da yake da halin biya ya ƙi, ya sani abincin gidan malamin ɗansa ya riƙe. Masu hali kuma su ɗauki nauyin marayu da sunansu, maimakon a ce an yafe musu alhali daga albashin malami aka yafe.

Ga hukumomi kuwa, kiranmu bai sauya ba: a biya malaman firamare a kan lokaci ko ta hannun wa kuɗin zai bi, a aiwatar da ƙarin girma da kuɗinsa, a biya 'yan fansho tun suna raye, a kuma daina raba guraben koyarwa a matsayin ladan siyasa. Limamanmu da masu wa'azi su riƙa tuna wa masu mulki wannan, da hikima da kyakkyawan lafazi. Sai dai maganarmu za ta fi nauyi a kunnensu ranar da littafin albashin makarantunmu ya zama abin da za mu iya buɗewa a gaban kowa.

Daga ƙarshe, ya ku malamai, neman haƙƙinku ba ya rage muku lada, kuma ba abin kunya ba ne. Amma ku tuna, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi amanar aji, to ya zo a kan lokaci, ya yi bitar darasinsa, ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, kada ya huce haushin kwamiti a kan yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. In zama ya gagara, ya yi sallama ta alheri, ya ba da lokacin da za a nemi madadinsa. Mun san da yawanku kun yi shekaru kuna haƙuri a kan abin da ba kowa zai iya ba, kuma da haƙurin nan ne dubban yara da iyayensu mata suka iya karanta Littafin Allah. Muna neman afuwarku a kan gazawarmu, muna kuma fatan kowane reshe zai sa wannan magana a gaba a zamansa na farko bayan fitowar wannan mujalla.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya yalwata arzikin waɗanda ke raye, Ya ba mu ikon sauke haƙƙoƙin da ke wuyanmu tun kafin ranar da babu naira babu sefa, sai kyawawan ayyuka da munana. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.